Ra'ayinmu: Ƙofar da zazzaɓi ke shiga

Duk gidan da ke da mai ciwon asma an san Ventoline. Ana fesa shi a baki, cikin 'yan mintoci numfashi ya dawo. Dalili kuwa shi ne, jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma a jikin kowace ƙwaya akwai wurare kamar ƙofofi, kowace da mabuɗinta. Ventoline mabuɗi ne da ya dace da ƙofar da ke hanyoyin numfashi, shi ya sa suke saki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan asibiti a kan dangi guda na irin waɗannan ƙofofi suke aiki.

Cuta ma ta ƙofa take shiga. A shekarar 2011 masu bincike na cibiyar Sanger a Ingila suka gano cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mafi kisa ba ta iya kutsawa cikin jajayen ƙwayoyin jini sai ta kama wata ƙofa mai suna basigin, da wani mabuɗi nata da ake kira RH5. Daga nan masana na jami'ar Oxford suka haɗa allurar da ke koya wa jiki ƙwace wannan mabuɗi. An gwada ta a kan ƙananan yara a Nanoro ta Burkina Faso, kuma sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna ta rage kamuwa da kusan kashi 55 cikin ɗari a tsawon wata shida.

Shekara 13 ke nan daga gano ƙofar zuwa wannan sakamako, kuma da sauran aiki. Abin da ke damunmu shi ne, cutar a gidajenmu take, yaran da aka yi gwajin da su namu ne, amma mafi yawan kuɗin binciken daga ƙetare suke zuwa. Wanda ya biya kuwa, shi ke zaɓen cutar da za a fara nema wa magani.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Muna kira gare su da su cika, su kuma fitar wa jami'o'inmu da ɗakunan bincike rabonsu a ciki. Kafin nan, iyaye, kada a bar yaro ya kwana ba gidan sauro.