Ba Mu Bukatar Zanen Ƙasa Domin Mu Sadu da Allah

Karatu: Kolosiyawa 2:16-23; 2 Sarakuna 18:1-4



Duk mai yawan leƙa shafukan Kiristocin Turai da Amurka a YouTube ko Instagram, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan hoton ba: wani babban zane mai da'ira a daɓen majami'a ko a cikin lambu, an kunna kyandir kewaye da shi, mutane sun tuɓe takalma suna takawa a hankali ɗaya bayan ɗaya, babu mai cewa uffan. Sunan wannan zane labirinti. Hanya ce guda ɗaya tak da aka nannaɗe ta kamar gammo. Tana kai ka kusa da tsakiya, ta sake janye ka zuwa gefe, ta dawo da kai, har a ƙarshe ka isa tsakiyar. Ba a ɓata a ciki, domin babu mararraba. Ta inda ka shiga, ta nan za ka fito.

Masu koyar da wannan tafiya sun raba ta kashi uku. Lokacin shiga, ka saki damuwarka. A tsakiya, ka tsaya ka karɓi abin da ya zo maka. Lokacin fita, ka koma duniya da abin da ka samu. Yau ana samun wannan zane a majami'u da asibitoci da jami'o'i har da gidajen yari a ƙasashen yamma. Akwai ƙananan na katako da ake bi da yatsa, kuma an ware Asabar ta farko ta watan Mayu a matsayin ranarsa ta duniya. Ana tallata shi da cewa tsohuwar hanyar addu'a ce ta Ikilisiya wadda aka manta.

Abin da ya yi farin jini a can ba ya daɗewa bai iso nan ba. Saboda haka, kafin wani ya kawo shawara mu zana shi da farar ƙasa a sansanin matasa na gaba, ga matsayina a fili: kada mu karɓe shi a matsayin hanyar addu'a. Ba na cewa akwai aljani a cikin zanen. Dutse dutse ne, layi kuma layi ne. Abin da nake ƙi shi ne labarin da ake sayar da shi da shi, da kuma koyarwar da ke tafe a bayansa.

Daga ina ya fito?

Labirinti ya girmi Ikilisiya nesa ba kusa ba. An tono wani allon yumɓu mai ɗauke da zanensa a Pylos ta ƙasar Girka, wanda ya kai wajen shekara 1200 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen birnin Knossos a tsibirin Karita, tsibirin nan da Bulus ya bar Titus, sun riƙa buga shi a jikin kuɗinsu. Labarinsa tatsuniya ce ta Helenawa: wai Sarki Minos ya sa aka gina shi domin a kulle wani dodo, rabinsa mutum rabinsa bijimi, ana kai masa samari da 'yan matan Atina yana ci, har wani jarumi mai suna Theseus ya shiga da zare a hannu ya kashe shi.

Gaskiya ne daga baya zanen ya shiga majami'u. Mafi tsufa da aka sani a nan Afirka yake, a wata majami'a da aka gina a shekara ta 324 a inda garin Chlef na Aljeriya yake yanzu. Amma ado ne ƙarami na daɓe, bai kai girman da jama'a za su jeru suna tafiya a ciki ba. Wanda ya fi suna shi ne na babbar majami'ar Chartres a Faransa, da aka shimfiɗa a farkon ƙarni na 13. Faɗinsa kusan mita 13 ne, zagayensa 11, tsawon hanyar kuma ya haura mita 260. Shi ne mutane da yawa ke kwaikwaya a yau.

To, me Kiristocin wancan zamani suke yi da shi? A nan tallar take tangaɗi. Za ka ji ana cewa waɗanda suka kasa zuwa Urushalima su ne suke bin sa da gwiwa a maimakon tafiyar. Masana tarihi sun bincika, babu rubutun wancan zamani da ya tabbatar da haka. Sunan da ake kiransa da shi na hanyar Urushalima ya bayyana ne ɗaruruwan shekaru bayan an gina shi. Abin da aka samu a rubuce ya fi kama da biki: a majami'ar Auxerre, ranar Ista, malaman Ikilisiya kan yi rawa kewaye da zanen suna jefa wa juna ƙwallo, har aka hana a ƙarni na 16. A Reims kuwa, shugabannin majami'ar da kansu suka sa aka farfasa nasu a 1779, domin yara sun mai da shi filin wasa suna damun masu sujada.

Tafiyar shiru mai mataki uku da ake koyarwa yau, ko shekara 40 ba ta cika ba. Wata fasto ta Ikilisiyar Episkofal a Amurka, Lauren Artress, ita ce ta yaɗa ta. Ta fara taka labirinti a 1991 a wani taron Jean Houston, malamar da ke koyar da buɗe ikon da ke ɓoye cikin ɗan Adam, tana haɗa tatsuniyoyi da al'adun addinai iri iri. Daga nan Artress ta je Chartres, ta dawo ta shimfiɗa kwafinsa a kan zane a majami'ar Grace da ke San Faransisko, ta fitar da littafi a kai a 1995, ta kuma kafa ƙungiyar Veriditas mai horar da jagororin tafiyar. Wannan ba sirri ba ne, ita da kanta ta ba da labarin. In za a kawo mana sabon abu, a kira shi sabo. Kada a sa masa furfurar aro domin mu ji kunyar yi masa tambaya.

Wa ke jiranka a tsakiya?

Ko da ya tsufa, tsufa ba hujja ba ce. Babbar tambayar ita ce: idan ka isa tsakiya ka tsaya domin ka karɓa, daga wurin wa kake karɓa? Masu koyarwar suna alfahari da cewa babu daidai babu kuskure a cikin tafiyar, kuma ta dace da mai kowane addini da wanda ba shi da ko ɗaya. Kowa ya shiga, ya saurari muryar da ke cikinsa, abin da ya ji shi ne rabonsa. Ku lura da kyau. Idan hanyar addu'a tana aiki daidai wa daida ko da Almasihu ko babu shi, to, ba Almasihu ne ke sa ta aiki ba.

Irmiya 17:9 ya gargaɗe mu cewa zuciya ta fi kome yaudara. Saurayin da ke neman dalilin ci gaba da wata mu'amala da ya san ba ta dace ba, in ka ce masa ya yi zagaye 11 ya saurari zuciyarsa, me kake tsammani za ta faɗa masa? Budurwar da ke riƙe da ƙiyayyar wadda ta ɓata mata suna za ta iya fitowa da sanyin rai, ƙiyayyar kuwa tana nan daram. Tafiya a hankali cikin shiru tana kwantar da numfashi, tana sassauta jiki. Haka Allah ya halicce mu. Sai dai kwanciyar jiki daban, salama da Allah daban. Ta biyun, in ji Romawa 5:1, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu ake samunta.

Bimbini a Littafi Mai Tsarki yana da abin da ake taunawa. An umarci Joshuwa kada littafin Shari'a ya rabu da bakinsa dare da rana (Joshuwa 1:8). Zabura ta 1 ta kwatanta mai yin haka da itacen da aka dasa a bakin rafi. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a waɗannan wurare biyu, ita ce Ishaya 31:4 ya yi amfani da ita a kan zakin da ke gurnani bisa naman da ya kama. Ku yi tunanin wannan hoton: ya danne abin da ya kama, yana gurnani, ko makiyaya sun yi ihu ba ya saki. Haka mai bi yake yi da Maganar Allah. Yana maimaita ta, yana juya ta, har ta tsawata masa, ta gyara shi. Labirinti ba ya tsawata wa kowa.

Amsa ga masu kare shi

Wani zai ce, ai Ishaku ya fita saura da yamma ya yi tunani, Yesu ma yakan hau dutse ya yi addu'a, me ya sa tafiya ta zama laifi? Tafiya ba laifi ba ce. Ka yi addu'a a hanyar gona, a hanyar makaranta, a cikin Keke Napep. Amma Ishaku bai zana wa kansa wata siffa ta musamman ba, Yesu kuma bai koya wa almajiransa wani salon taku ba. Da suka roƙe shi ya koya musu addu'a, kalmomi ya ba su, ya kuma nuna musu Uban da za su kira.

Wani kuma zai ce, to, in na shiga da ayata a baki fa, ina kiran sunan Yesu a kowane taku? Ɗan'uwa, ba zan ce ka yi zunubi ba. Amma ka amsa mini: me zanen ya ƙara maka? In bai ƙara kome ba, ba ka bukatarsa. In kuwa kana jin addu'arka ta fi karɓuwa a tsakiyar da'ira fiye da gefen gadonka, to, ka fara ba wa wuri abin da yake na Allah. Yesu ya riga ya gaya wa matar Samariya cewa zancen wannan dutse ko wancan birni ya wuce. Uba na neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya (Yohanna 4:21-24). Labulen Haikali ya tsage. Wanda aka buɗe wa ƙofa ba ya bukatar zagaya gida sau 11 kafin ya shiga.

Ku tuna da macijin tagulla. Allah da kansa ya ce wa Musa ya ƙera shi, kuma ta wurinsa mutane suka tsira (Ƙidaya 21). Duk da haka, da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfasa shi, Nassi kuma ya yaba wa Hezekiya. Idan abin da Allah ya umarta zai iya zama tarko, ina ga abin da bai taɓa umarta ba? Bulus ya ga irin wannan a Kolosi: ka'idodi masu kamar hikima, masu kamar tawali'u, amma ba su da ƙarfin hana sha'awar jiki.

Laifi tudu ne

Kada mu yi saurin yi wa Turawa dariya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da namu: kwalbar man shafawa da aka saya da tsada, ruwan da aka ce ya fito daga wuri mai tsarki, ƙyallen da ake sawa ƙarƙashin matashi, dutsen addu'ar da ake jin in ba a hau shi ba Allah ba zai ji ba. Cutar ɗaya ce. Mutum yana son abin da zai taɓa da hannu, ya taka da ƙafa, ya ce na yi, yanzu saura Allah ya biya. Wanda ya tsine wa labirinti da safe, da yamma ya yayyafa ruwan kwalba a ƙofar shago domin ciniki, ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai kuma abin da ya kamata ya dame mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen da ke tururuwa zuwa wannan zane, shiru suke nema, kuma yunwarsu ta gaske ce. Mu duba taron zumuntarmu. Daga buɗewa zuwa albarka, minti nawa muke yi babu ganga, babu lasifika, babu sanarwa? Mai jagora ya ce mu yi shiru a gaban Ubangiji, kafin a ƙirga goma mai kibod ya fara. Mu koma gida, waya na hannu har barci ya sace mu. Idan ba mu koya wa ƙannenmu yadda ake natsuwa a gaban Allah da Littafi a buɗe ba, wani zai koya musu natsuwa babu Littafin.

Abin yi a wannan mako

Ka ware minti 15 kowace rana, wayarka a kashe a wani ɗaki. Ka ɗauki sashe ɗaya gajere, misali Zabura 23 ko Yohanna 15:1-8, ka tsaya a kansa har mako ya ƙare. Ka karanta da murya sau uku. Ka tambayi kanka me ya nuna maka game da Allah, wane zunubi ya tona, wane alkawari ya ba ka. Ka mai da amsar addu'a. Sa'an nan ka yi shiru, ayar tana bakinka. In zama na sa ka gyangyaɗi, tashi ka taka a tsakar gida ko bayan gari. Shugabanninmu kuma, muna roƙo: ku sa minti biyar na shiru na gaske bayan karatun Nassi a kowane taro, a ajiye kayan kiɗa.

Almajirai biyun nan da suka nufi Imuwasu (Luka 24) hanyar ƙauye suka bi, mai ƙura, cike da baƙin ciki. Zuciyarsu ta yi zafi ne sa'ad da Yesu ya matso yana buɗe musu Littattafai. Shi ne hanya, kuma yana nan da rai.

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin ka buɗe mana hanya zuwa gare ka ta wurin jinin Ɗanka. Ka gafarta mana inda muka dogara ga wuri ko kaya a maimakonka. Ka koya mana yin shiru a gabanka, ka sa Maganarka ta zauna cikinmu a yalwace. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.