Kafin ka sayi kwamfutar tebur, tambayi RAM nawa gare ta

Matasa da dama a nan Isa da Sabon Birni suna tara kuɗi don buɗe shagon buga takardu: duba sakamakon WAEC da NECO, fitar da silif na JAMB, cike fom na neman aiki. Sai mutum ya aika Kano ko Sakkwato a sawo mashi kwamfuta, mai shago ya ce "500GB ce", shi ke nan hankali ya kwanta.

Ɗan'uwa, 500 ɗin nan ba RAM ba ne, ma'aji ne, kamar rumbu. RAM kuwa tabarmar da kake baza aikin da ke hannunka ce. Komai girman rumbunka, in tabarmar ƙarama ce, sai ka kwashe wannan kafin ka zuba wancan. Nan nauyin kwamfuta yake fitowa.

Ni a ganina, kada ka yarda da ƙasa da 8GB. Gaskiya ne Microsoft ta ce 4GB ya isa a ɗora Windows 11, amma fa don ta tashi ne kawai. Windows ɗin kanta za ta cinye mafi yawansa tun ba ka buɗe Chrome ba. Ka ƙara Word a kai, ga mutum biyar tsaye suna jira, wallahi sai ka ji kunya.

In aikinka ya haɗa da CorelDRAW, Photoshop ko tace bidiyon biki, nemi 16GB. Amma 32GB don buga takardu ɓarnar kuɗi ce. Gara ka sa rarar a SSD da UPS, domin RAM ba ya riƙe komai in wuta ta ɗauke. Janareta na tsayawa, duk abin da ba ka adana ba ya tafi.

Kuma kada "8+8" da kake gani a kwalin waya ya ruɗe ka. Takwas na biyun aro ne daga ma'ajin wayar, bai kai na ainihi sauri ba. A kwamfuta, ƙaran RAM na gaske za ka tambaya.

Kafin ka tura kuɗi, sa mai shago ya danna Ctrl, Shift da Esc tare, ya shiga Performance, sannan Memory, ya turo maka bidiyo. Nan za ka ga yawan RAM da gurbi nawa aka cika. In akwai gurbin da ba kowa, gobe sai ka ƙara. Ka dai tuna DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4.

In ta hannu ce, tambayi ko tana ɗaukar Windows 11, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Mai da kaya Kano don canji ba ƙaramin abu ba ne, don haka bincika tun tana hannun mai ita. Allah ya sa albarka a nema.