Daga New Bell: Ranar Da Babban Baƙi Ya Ƙi Fitowa

Muna fata ruwan Duwala bai shiga wa kowa ɗaki ba a wannan wata. Yau filin namu zai taɓo wani ɗan abu ne da za a ce bai kai ya kawo ba, wato babban baƙi da ƙaramin baƙi a rubutun boko, amma shi ne ya hana mu sakat har mako guda a ƙungiyarmu ta adashi.

Ga yadda aka yi. Sakatarenmu dattijo ne, ya daɗe yana rubuta wa mutane wasiƙu da takardun koke a gefen Kasuwar Congo tun zamanin tafireta. Da idonsa ya soma rauni, sai jikansa ya sa masa wata manhaja a kwamfuta wadda ake yi wa shifta, ka faɗa da baki cikin Faransanci ita kuma ta rubuta. In yana son kalma ta fito da manyan baƙaƙe zalla, sai ya ce "tout en majuscules" sannan ya faɗi kalmar. Shekara biyu suna zaman lafiya. Rannan da dare manhajar ta sabunta kanta, ba sallama ba neman izini. Washegari Baba Sakatare ya zauna ya yi mata shiftar sunayenmu mu 43, domin takardar da za mu kai banki a buɗe wa ƙungiya asusu. Ya buga, ya sa hannu, muka kai. Kwana uku aka dawo mana da ita.

Da muka duba, sai muka ga abin dariya da ban haushi. A wasu layukan ta rubuta umarnin kansa a gaban suna, kamar wani laƙabi ne aka yi wa mutum. A wasu kuwa ta haɗiye umarnin, ta sa babban baƙi a farkon kowace kalma kawai.

Wanda ya zo daga Kano ko Zariya zai ce to mene ne a ciki? A nan Kamaru akwai magana. A al'adar ofisoshin da ke aiki da Faransanci, sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe shi ne sunan gida, ɗayan kuwa sunan yanka. Mu Hausawa kuma sunanka ne a gaba, na mahaifinka a baya, kuma duka biyun sunayen yanka ne. Ɗauki misalin Musa ɗan Garba. In aka rubuta MOUSSA Garba, mutum ɗaya ke nan a wurin hukuma. In aka rubuta Moussa GARBA, wani mutum ne daban. In kuwa babu manyan baƙaƙe ko ɗaya, sai ma'aikaci ya yi canki-canka, ko ya maido maka da takardarka, kamar yadda aka yi mana. Duk wanda ya taɓa yin safa da marwa saboda takardar haihuwarsa ta saɓa da katinsa na ɗan ƙasa ya san abin da muke nufi, kuma daga Makea zuwa Kassalafam ba a rasa irinsu a kowane layi.

Sai aka kira jikan. Yana shigowa ya ce, "Tsoho, ai ba na'ura ba ce, bakin ne ya tsufa." Baba ya ce, "Ja'iri, da wannan bakin aka nemo auren kakarka. Zauna ka gyara abin da ka ɓata."

Abu na farko da yaron ya duba shi ne harshe, don sau da yawa sabuntawa takan mayar da manhaja kan Ingilishi, wanda nasa umarnin daban ne, irin su "all caps". Namu yana nan kan Faransanci, saboda haka muka wuce. Ya gwada makirfo, lafiyarsa lau.

Ashe matsalar tana wani wuri. Sabon zubin ya zo da wani tsari a kunne, wanda manhajar ke sa aya da waƙafi da babban baƙi da kanta, bisa ga yadda ta fahimci jimla. Wato an mayar da ita mai hankali, ta daina jiran a gaya mata. Wannan yana da daɗi ga mai aika wa ɗan'uwa saƙo, amma ga jerin sunaye masifa ne, domin babu jimlar da za ta fahimta. Da aka kashe shi, rabin ciwon ya tafi.

Sauran rabin kuwa, a nan ne yaron ya ɗan yi gaskiya, ko da yake ba mu faɗa a gaban Baba ba. Dattijon ya saba ya faɗi umarni, ya ja numfashi, ya duba littafinsa, sannan ya faɗi sunan. Tsohon zubin yana haƙuri da wannan. Sabon kuwa in ya ji shiru bayan umarni, sai ya ɗauka magana ce ta shifta, ya rubuta ta. Dole umarni da suna su fito a numfashi ɗaya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Muka kuma buɗe shafin taimako na manhajar muka karanta jerin umarninta na yanzu, domin kowace manhaja da irin kalmomin da take ji, kuma sukan canza daga zubi zuwa zubi. Can kuma muka tarar ƙamus ɗin da Baba ya tara na sunayenmu, yadda kowa yake rubuta nasa a katinsa, ya ɓace. Wannan shi ya fi cin lokaci, don sai da aka sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawo katinsa aka kwafa. Mahamadou daban, Mohamadou daban, kuma manhaja ba ta san wanne ne naka ba sai ka koya mata.

Ga wata dabara ga mai sauri. In rubutun yana cikin Word, a zaɓi sunan, a danna Maj tare da F3. Kowace dannawa tana juya shi tsakanin ƙananan baƙaƙe, manya zalla, da babban baƙi a farkon kalma.

Wani daga cikinmu ya ce me zai hana a yi shiftar da Hausa, tunda a watan Oktoba na 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan Afirka da ya ƙara wa rubutun murya a Gboard. Abin murna ne, kuma matasanmu suna mora. Sai dai banki da ofis a Duwala ba su karɓar takarda da Hausa, kuma Musa na Hausa ba shi ne Moussa na kati ba. Liman da ke zaune a gefe ya yi murmushi ya ce shi dai ajaminsa ba babba ba ƙarami, duk baƙaƙen kansu ɗaya. Gaskiya ne, Malam, amma ba a buɗe asusu da shi.

Yanzu mun yi ƙa'ida a ƙungiya. Duk ranar da manhajar ta sabunta, Baba zai fara gwada ta da sunansa shi kaɗai kafin ya taɓa na kowa. Kuma ba takardar da za ta fita sai mai ido biyu ya riƙe ta a hannun dama, katin mai suna a hannun hagu, ya bi layi-layi. Ranar Litinin muka mayar da tamu banki, an karɓa. Jikan kuwa an ci shi tarar goro, don shi ya bar manhajar tana sabunta kanta da dare.