Idan 'Yarki Ta Ce Ƙwallo Take So

Zancen ƙwallo na kawo miki wannan makon, kuma kar ki yi saurin wucewa ki ce ai wannan na maza ne.

Ranar 26 ga Yulin 2025, a birnin Rabat, aka tafi hutun rabin lokaci Maroko tana cin Super Falcons biyu da nema. Da aka dawo sai 'yan matan nan suka zura uku, suka ɗauko wa Najeriya kofin Afirka na mata karo na 10. Wataƙila 'yarki ta kalla a wayarki. To, ranar da ta ce ita ma tana so, me za ki ce mata?

Iyayen Asisat Oshoala sun sha wannan tambayar. Musulma ce 'yar Ikorodu, kuma da farko ba su yarda ta yi ƙwallo ba, karatu suka fi so mata. A 2014, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada, ita ta fi kowa cin ƙwallaye. A 2021 ta ci kofin zakarun Turai da Barcelona, 'yar Afirka ta farko da ta yi hakan. Sau 6 ana zaɓenta gwarzuwar Afirka.

Na san abu biyu da ke tsaya miki a rai. Na farko sutura. Tun 2014 aka halatta rufe kai a fili, kuma a gasar duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta.

Na biyu haihuwa. A matsayina na ma'aikaciyar jinya nake gaya miki, gudu da tsalle ba sa taɓa mahaifa. Alex Morgan ta Amurka ta haihu a 2020 ta koma fili, kuma tun 2021 dokar FIFA ta ba 'yar wasa hutun haihuwa na mako 14. Abin da za ki sa wa ido daban ne. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi samun mata fiye da maza, saboda haka gwiwar da ta kumbura asibiti za a kai ta. Yarinyar da ke gudu tana al'ada tana bukatar abinci mai ƙara jini, irin su hanta, wake da zogale. In al'adarta ta ɗauke wata uku, a je a duba, sau da yawa abincin ne bai isa ba.

Amma kar ki bari ta ajiye littafi. Kaɗan ne ke kaiwa inda Asisat ta kai, sana'ar kuma gajeriya ce. Su kansu Falcons, bayan sun ci kofi a 2016, sai da suka ƙi barin otal a Abuja kan kuɗinsu da ba a biya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17, mace ko namiji, yana bukatar motsa jiki na minti 60 kullum. A waɗannan shekarun ne ƙashi ke yin ƙwari, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki je makarantarsu ki tambaya ko akwai wasannin 'yan mata da malama mace mai kula da su. In babu, tsakar gida ma fili ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.