Patrick Ewing: iya wasa daban, iya koyarwa daban

Duk mai bin ƙwallon kwando a shekarun 1990 ya san Patrick Ewing. Haifaffen Jamaika ne da ya tashi a Amurka, ya ɗauki kofin jami'o'in ƙasar tare da Georgetown a 1984, sannan ya yi wa New York Knicks wasa shekara 15. Zinare biyu gare shi a gasar Olamfik. A 2017 Georgetown ta kira shi gida ya zama babban kocinta. A watan Maris na 2023 ta sallame shi, bayan ya ci wasa 75 an doke shi a 109.

Masoyansa na cewa ba a kyauta masa ba. Ni kuwa a ganina jami'ar ma ta makara.

Ba wai da ka ya shigo aikin ba. Ya yi kusan shekara 15 yana mataimakin koci a gasar NBA. Amma can da manya yake aiki, masu albashi da kwantiragi, waɗanda sun riga sun ƙware. Aikin kocin jami'a kuwa ya fi kama da namu na aji. Yara ne 'yan shekara 18 ko 19. Sai ka je har gida ka shawo kan iyaye, ka lallashi wanda ya yi fushi, ka maimaita abu ɗaya sau goma ba tare da ka nuna gajiya ba. Tun a kwalejin horon malamai aka nuna mana cewa wanda ya fi kowa iya lissafi shi ya fi shan wahala wajen gane dalilin da ya sa yaro ya kasa. Abin da ya zo maka da sauƙi, to wallahi bayaninsa ne mai wuya.

Alamar ta fito tun da wuri: yaransa ba sa zama. James Akinjo da Josh LeBlanc sun tafi a ƙarshen 2019, Mac McClung ya bi su a 2020. Ko bayan da ya ɗauki kofin Big East a 2021, wanda shi ne babban abin da ya yi, sai ga Qudus Wahab ɗan Legas ya koma Maryland. Idan ajina ya riƙa watsewa haka, hedimasta ba zai tsaya tambayar sakamakon da na samu ina ɗalibi ba.

Kakar da ta biyo baya, Georgetown ta sha kashi a duk wasanni 19 na Big East. Nan ya kamata a yi sallama cikin mutunci. Amma wa zai kalli idon gwarzon 1984 ya ce masa ya isa? Kunya ta hana, aka ƙara masa shekara. Shi dai sunansa na nan yadda yake. Yaran da aka bar masa, waɗanda shekarun wasansu a jami'a ƙidayayyu ne, sun buga wasa 32 a wannan shekarar, suka ci 7.