Unagi: kiwon da ba ya haihuwa

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, lokacin da zafi ya kai maƙura a ƙasar Jafan, akwai ranar da suke kira Doyo no Ushi, wato ranar sa a lissafin tsohuwar kalandarsu. Ranar nan hayaƙin gawayi kan turnuƙe ƙofar gidajen abinci, jama'a su yi layi, manyan kantuna kuma su cika da kifi iri guda, wanda suke kira unagi. Dogo ne mai santsi, in Bahaushe ya gan shi zai ɗauka gaiwa ce ko maciji, alhali kuwa ba ya cikin dangin ko ɗayansu. Sun yi imani cinsa yana maido da ƙarfin da zafi ya zuƙe.

Imanin ya tsufa, domin tun a ƙarni na 8 mawaƙi Otomo no Yakamochi ya shawarci wani ramamme da cin wannan kifi. Ranar kuwa, labarin da ya fi yawo shi ne wani masani na ƙarni na 18, Hiraga Gennai, ya ba mai gidan abincin da kasuwa ta guje wa shawarar rataya allon talla a ƙofa. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, akwai ƙanshin gaskiya a cikinsa, don unagin kogi ya fi maiƙo ne gab da sanyi, ba da zafi ba. Ke nan ɗan kasuwa ne ya zaɓi ranar, ba kifin ba.

Gashin nasa sana'a ce mai zaman kanta. A kafe kan kifin a jikin katako, a tsaga shi, a zare ƙashin baya, a tsire shi, a ɗora kan gawayi ana tsoma shi cikin wani romo mai zaƙi na waken soya, sannan a shimfiɗa shi kan shinkafa. Sunan wannan gashi kabayaki. A Tokiyo ta baya ake tsagawa, a kuma turara shi ya yi laushi; a Osaka ta ciki ake tsagawa, babu turarawa. Ana cewa mayaƙan samurai na tsohuwar Tokiyo ne suka ƙyamaci tsaga ciki, saboda yana tuna musu da yadda ɗayansu ke farke cikinsa in ya ji kunya. Duk da son ɗanyen kifi irin na mutanen Jafan, ba sa cin wannan ɗanye, domin jininsa na da dafin da sai wuta ke kashewa. Matafiyi Musulmi kuma ya lura, romon nan yakan ƙunshi mirin, wanda giyar shinkafa ce ta girki, saboda haka tambaya ta kama shi.

Ba unagi kaɗai ruwan daɗi ke ba su ba. A Kogin Nagara, sama da shekara 1,300 ke nan ana kama kifin ayu da dare ta hanyar horarrun tsuntsayen ruwa, a gasa shi da gishiri kawai. A Tafkin Biwa ana binne wani kifi cikin gishiri da shinkafa ya yi watanni har ya yi tsami, su kira shi funazushi, wanda ake lissafawa cikin kakannin sushi. Shi ma wannan kifi ya yi ƙaranci, kuma cikin masu laifi har da wani baƙon kifi da Yarima Akihito ya zo da shi daga Shikago a 1960, abin da ya fito fili ya nuna takaicinsa a kai a 2007, yana kan gadon sarauta.

Amma matsalar unagi ta fi wannan zurfi. Kusan duk wanda ake ci a yau daga kududdufin kiwo ya fito, a yankunan Kagoshima da Aichi da Miyazaki da Shizuoka, ko a ƙasar Sin. Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin kifin ba ya haihuwa a kududdufi. In ya balaga a kogi sai ya gangara teku, ya yi tafiyar sama da kilomita 2,000 zuwa yammacin tsibiran Mariyana, can ya zubar da ƙwai ya mutu. Sai a 2009 ayarin Farfesa Katsumi Tsukamoto ya fara tsintar waɗannan ƙwai a cikin teku. Igiyar ruwa ce ke ɗauko 'ya'yan, su iso bakin kogunan Jafan da Sin da Koriya da Taiwan da sanyi, sirara kamar tsinke, garai-garai kamar gilashi. A nan masunta ke tare su da fitila cikin dare, su sayar wa masu kududdufi.

Mai kiwon tarwada a nan gida yakan yi wa macen allura, ya matse ƙwai, ya ƙyanƙyashe dubbai a ɗaki guda. Wannan shi ne kiwo. Abin da ake yi wa unagi kuwa turka ce: a kamo ɗa daga daji, a ɗaure shi ya yi ƙiba, a yanka tun bai bar baya ba. Alƙaluman gwamnatin Jafan sun nuna kamun 'ya'yan ya haura tan 200 a farkon shekarun 1960, amma a 2019 bai kai tan 4 ba. A wasu shekarun kilo ɗaya ya wuce yen miliyan 2, shi ya sa suke kiransa farin lu'ulu'u, kuma inda lu'ulu'u yake ba a rasa ɗan sumoga. Taiwan ta hana fitar da 'ya'yan a 2007, sai ga Hong Kong, wadda ba ta da masuntansu, ta zama babbar mai sayar wa Jafan. Ma'aikatar muhalli ta ƙasar ta sa unagi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2013, ƙungiyar IUCN ta bi sahu a 2014. Madatsun ruwa da shafe gaɓar koguna da siminti su ma sun yi nasu ɓarnar.

Duk sa'ad da aka taso da maganar, amsar da aka fi ji ita ce al'ada. Ban raina wannan amsa ba, amma ina ganin ana fakewa da guzuma ne a harbi karsana. Al'adar mai gashin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyon tsaga kifi daban, tiren roba mai araha da ya cika kantuna daga shekarun 1990 daban. A shekarar 2000 Jafan ta cinye kusan tan 160,000, kaso mai yawa daga kududdufan Sin da aka cika da 'ya'yan unagin Turai. Da na Turai ya durƙushe, Tarayyar Turai ta hana fitar da shi a 2010, sai 'yan kasuwa suka karkata ga gaɓar Amurka da Kanada. Ba kakanni suka gadar da wannan ba, jiya-jiya aka ƙirƙiro shi.

Masana ba su zauna ba. A 2010 cibiyar binciken kifi ta gwamnati ta yi nasarar samun unagin da aka haifi iyayensa a ɗakin gwaji, kuma kuɗin samar da ɗa ɗaya ya sauko daga kimanin yen 40,000 a 2016 zuwa kimanin 1,800 a 2023, sai dai har yanzu ya ninka farashin na teku. Jami'ar Kindai ma ta gwada wata dabarar, ta fito da tarwadar da aka sarrafa abincinta don ɗanɗanonta ya kusanci unagi.

Kafin waɗannan su kankama, abin da ke hannu shi ne yarjejeniyar 2014 tsakanin Jafan da Sin da Koriya ta Kudu da Taiwan, wadda ta ƙayyade wa Jafan tan 21.7 na 'ya'yan da za ta zuba a kududdufai duk shekara. A shekarun da suka biyo baya, abin da masu kiwon suka iya samu, na gida da na waje, sau da yawa bai ma kai wannan adadi ba.