BARIKIN DAMAGARAM: TARIHIN WA?

Ƴan'uwa na Agye, Gazawa da Gidan Runji, ku kasa kunne!

Akwai masu nuna wa baƙi tsohuwar barikin soja ta Damagaram, wadda ke bisa duwatsu kusa da Birni, suna cewa kayan tarihi ce. Mun yarda. Amma tarihin wa?

A lakkwal an koya mana cewa a 1898 Sarki Amadu Kuran Daga ya sa an kashe Kaftin Kazamaju, don haka Faransa ta zo ramuwa, ta gina bariki ta sa mata sunansa. Nan darasi ya tsaya. To, ga sauran. A 1899 rundunar Vule da Shanwan ta karkashe mutanen Birnin Konni, ta bi tana ƙone garuruwa har ƙasar Tasawa, ƙasarmu. A Maijirgi sojojinsu da kansu suka harbe su. Ragowar rundunar nan ce ta ci yaƙin Tirmini, ta shiga Damagaram, ta kashe Kuran Daga. Nasara guda ya samu ganuwa da sunansa. Kakanninmu da aka ƙone, ina tasu?

A ƙarƙashin bindigar barikin nan aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906, aka kore shi daga ƙasarsa. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce mazaunin mulkin Nijar duka, kafin a mai da shi Yamai. Daga can umurni ke fitowa, kumandan ya aiko, talaka ya biya lanho, ya ba da gero da ɗansa. Aikin tilas bai faɗi ba sai 1946.

Wasu na cewa a manta, abin da ya wuce ya wuce. Ba mu yarda ba! Wanda ya manta inda aka kayar da shi, nan za a sake kayar da shi. Wasu kuma na cewa a bar ginin ya rushe. Su ma sun ɓata. Mai laifi ne ke son shaida ta ɓace, kuma ganuwar nan shaidarmu ce.

Aikin kowane reshe ke nan: ran kasuwa ku zauna da tsofaffi, ku rubuta sunan kowane garin da aka ƙone, da abin da iyaye suka faɗa musu. Ku ba malaman lakkwal su karanta wa yara.

Barikin ta tsaya, amma mu za mu ba da labarinta!